Lambun da Tsuntsu Ba Ya Sauka

Assalamu alaikum, masu bibiyata. Na ga saƙonninku, da masu tambaya ko na je Birmingham ɗin, da masu cewa lallai in turo hoton atamfar da na saka. Zuwa kam na je. Hoto kuwa ku yi haƙuri, ban ɗauka ba, in kun karanta za ku san dalili.

Ga wadda yau ta fara leƙowa, sunana Salimatu. A Gorton muke zaune ni da Mamata, a wani ɗan gida da in maƙwabci ya yi atishawa sai mu yi masa yarhamukallahu ta bango. Babana Ziblim mutumin Tamale ne, direban bas, ya rasu ina sakandare. Mama kuwa 'yar Fagge ce, har gobe bakinta bai bar Kano ba. Aikina a council ne, sashen muhalli. Tun da aka daina fesa maganin ciyawa a bakin titunanmu da wuraren wasan yara, aka ɗora mana bin masu gidaje muna lallaɓa su, su ma su daina a lambunansu. Mu kafa tebur a kasuwa, mu yi bayani, mu karɓi tsofaffin kwalaben magani da mutane suka manta da su, mu kai inda ake zubarwa. Mama ba ta taɓa ɗaukar wannan aiki ba. In ƙawayenta sun tambaya sai ta ce ina gwamnati, ta sake zance.

A wannan teburin na haɗu da Zaid, bara, a kasuwar Gorton. Akanta ne, yana haya a Hulme, iyayensa suna Birmingham. Dogo ne mai sanyin magana, irin wanda sai ka matso kake jin me ya ce. Ya tsaya yana juya wata kwalba a hannu, ya ce, "In mutum yana shaƙar irin wannan kullum, me zai fara ji?" Na faɗa masa. Ya ce, "Hannu yana rawa?" Na ce yana yi. Ya ce, "Ido fa?" Ni kuwa na ce a raina, wannan bawan Allah lambar waya yake so, ya rasa ta inda zai ɓullo. Na ba shi amsa, na haɗa masa da lambar. Daga baya har dariya muka sha da ƙawayena, wai ni aka yi wa zance da maganin ƙwari.

To magana ta yi nisa, har iyayensa suka ce suna son ganina kafin manya su shigo ciki. Ranar Asabar ɗin da zan tafi, tun da na idar da sallah Mama take kaina. Ita ta zaɓi atamfar, shuɗiya mai zanen ganye ruwan zinari, ta ɗauko min mayafinta na Dubai da ba ta ba kowa aro, ta turara shi har sai da na yi tari. Tana ɗaura min ɗankwali tana ja kamar da shi take faɗa.

"Ki saurare ni da kyau, Salima. Gidan manya za ki. Ki bar council ɗinki a Manchester."

"Mama, ni me zan ce musu?"

"Me kika ce wa uwar yaron nan na Ardwick da ya zo neman aurenki? Baiwar Allah ta kawo miki lemo, kika tsaya yi mata lecture a kan maganin dodon koɗi. Ina yake yanzu? Kin kusa talatin. In kin ga ciyawa, ciyawa ce. In kin ga kwalba, ba taki ba ce. Baki shi ke yanka wuya."

Na ce to. Kuma wallahi da zuciya ɗaya na ce, don ina son Zaid, so irin wanda ban taɓa yi wa kowa ba.

Jirgin ƙasa ya bar tashar Piccadilly ke nan saƙonsa ya shigo.

"Kin taso?"

"Na taso. Ka yi min addu'a."

"Kada ki damu. Ki dai duba Ummi da kyau. Ina so ki gan ta sosai."

Na tura masa zuciya guda biyu. Na ɗauka nufinsa in san matar da za ta zama uwata.

Ya ɗauke ni a tashar New Street, muka nufi unguwarsu, Hall Green. Rana ce mai kyau ta watan Yuni, irin wadda Bature ke tuɓe riga saboda ita. Duk gidan da muka wuce furanni sun buɗe, tattabaru na yawo a bakin hanya. Amma muna shiga gidansu na ga tagogi duk a rufe, turaren wuta ya cika falon har yana yin hazo a ƙarƙashin fitila. Kujeru ruwan zuma, labule mai nauyi har ƙasa, hoton Ka'aba a bango, sai wani ɗan ƙaramin hoton yarinya mai kitson zane a kan talabijin. A ƙarƙashin turaren akwai wani wari daban, mai ɗan zaƙi, mai kama maƙoshi. Hancina ya san shi, amma kaina ya ƙi tuna daga ina.

Hajiya Ruƙayyatu, Ummin Zaid, ta taso da kanta ta tare ni. Fara ce siririya cikin leshi ruwan toka. Na durƙusa zan gaishe ta, ta kamo hannuna ta ɗago ni, tafin hannunta jiƙe da gumi, yana rawa a cikin nawa. Murmushi take yi, amma hawaye na bin kumatunta.

"Kada ki damu, 'yata, ba kuka nake ba. Haka idon yake yi min in zafi ya shigo."

Na ɗaga kai na dube ta. Falon ba wani haske sosai, amma baƙin tsakiyar idonta ya tsuke ƙanƙane kamar bakin allura. Na yi sauri na sunkuyar da kai, ta ɗauka kunya ce.

Alhaji Maharazu kuwa, da na so ya zama mugu, da labarin ya fi min sauƙi. Tsohon injiniya ne mai farin gemu da fara'a, cikin farar shadda. Ya tambayi Mama, ya yi wa babana addu'a, ya tsokane ni wai Hausar Tamale zan koya wa jikokinsa. Da aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, shi ya zuba wa matarsa, shi ya riƙe mata kofi don kada ruwa ya zube. Ya ce sun je wurin GP, likitan unguwarsu, har sun gaji, an ɗebi jini ba a ga komai ba, an ce dai ta riƙa shan rana. Malamai a gida kuma sun ce iska ce, ana ta addu'a. Ina kallonsa na ji ina ma babana yana raye ya tsufa haka.

Muna gama ci ya ce, "Zo ki ga inda za a yi walimarku."

Ya buɗe ƙofar baya. 'Yan uwa, aikina ke nan, na shiga lambuna ba adadi, ban taɓa ganin ciyawa irin wannan ba. Kore shar, a daidaice kamar kafet ɗin masallaci, ko tsiro ɗaya baƙo babu. Na ce masha Allah, na taka. Sai da na kai tsakiya na gane abin da ya dame ni: shiru. Ba ƙuda, ba tururuwa, ba ko ɗan malam-buɗe-littafi. Daga gidan maƙwabciyarsu, wata tsohuwa da Zaid ya ce sunanta Hana, ina jiyo kukan tsuntsaye da gunjin ƙudan zuma, amma duk a can suka tsaya. Tsuntsaye sun jeru a kan shingen katako suna kallonmu, ko ɗaya bai sauko ba.

Na matsa bakin shingen kamar mai duba furanni. A gindinsa ƙudan zuma ne matattu a jere, wasu ƙafafunsu na ɗan motsi har yanzu. Ga tsintsiya da abin kwasar shara a jingine, alamar aikin kullum ne. A nan warin ya buɗe sosai, ba turaren da zai rufe shi, kuma na tuna. Fagge, lokacin hutu, kakata tana yayyafa fiya-fiya a lungunan ɗaki, ta kore mu waje ta ja ƙofa, ta ce wanda ya shiga kafin magariba sai ta zane shi.

Da na waiwayo, Hajiya ta tuɓe takalmanta. Ta shimfiɗa wani siririn zane a tsakiyar ciyawar ta zauna, ta miƙe ƙafafu a kan koren, tana shafa shi da tafin hannu. Alhaji ya ce nan ne wurin zamanta kullum, nan take azahar da la'asar in akwai rana, yadda likita ya ce. Na dubi hannunta mai rawa, na dubi idonta, sai tambayoyin nan na kasuwar Gorton suka dawo min a jere yadda aka yi su. Hannu yana rawa? Ido fa? Na juya na nemi Zaid. Yana tsaye a bakin ƙofa, ni yake kallo, kuma ba kallon saurayi ba ne. Kallon mai jiran sakamakon asibiti ne.

Alhaji ya ce bari ya ɗauko wani abu, ya nufi ɗan ɗakin katako da ke ƙarshen lambun. Hajiya ta yafito ni. Na tsuguna a gefen zanen, ta kama wuyan hannuna, da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba.

"Na ga kin gane," ta ce a hankali. "Fuskarki ba ta iya ɓoyo ba."

"Ummi, abin da ake fesawa a nan…"

"Na sani, 'yata. Na daɗe da sani. Duk hunturu lafiyata lau, don Alhaji ba ya fesawa. Da muka je Umra ko ciwon kai ban yi ba. Ni ba yarinya ba ce."

Ta share hawayen da ba na kuka ba da gefen mayafi.

"Kin ga hoton da ke kan talabijin? Firdausi ce, yayar Zaid. A Samaru muke lokacin. Ciyawa ta yi tsawo a bayan gida, na yi ta yi masa magana ya sa a nome, yana cewa gobe. Maciji ya sare ta a ciki tana wasa, ba ta kai asibiti ba. Da muka sayi gidan nan siminti ya so ya malala a lambun. Ni na roƙe shi ya bar min koriyar ciyawa, don ido yana son abin kallo a ƙasar nan. Ya yarda, amma da sharaɗin ba abin da zai rayu a cikinta. Na ce masa nan ba Samaru ba ce, ba ya ji. In ya ga na kwanta ciwo sai ya ce wani ƙwaro ne ya cije ni, ya ƙara maganin."

"To Ummi, ki daina zama a kai mana."

"In na daina zai tambayi dalili. Mutumin da har yau bai yafe wa kansa Firdausi ba, in ce masa ni ma shi ne sanadin ciwona? Ba zai ɗauka ba, Salimatu. Na fi shi ƙarfi, gara ni." Ta ƙara matse hannuna. "Zaid ya gane bara. Na ce masa in ya buɗe baki ya faɗa wa ubansa, ban yafe masa ba duniya da lahira. Ya yi kuka, amma ya yi shiru, don ɗan halak ne. Ke ma yanzu 'yata ce, kada ki faɗa masa. Abu na farko ke nan da na roƙe ki."

Kun san nauyin wannan kalma a wurinmu. Uwa ta ce ba ta yafe ba, ɗa ko wuta ya gani sai ya haɗiye ihunsa. Ta ɗaure Zaid da ita, yanzu kuma igiyar take miƙo min, da hannu mai laushi, tana kirana 'yarta. Kuma ina so in zama 'yar tata. Ina son falon nan, da tsohon nan mai tsokana, da ɗansu. Tsoro ya kama ni, ba na lambun kaɗai ba, har da na kaina, don na ji bakina yana shirin cewa to.

Wayata ta yi motsi a cikin jaka. Na leƙa da hannu ɗaya. Mama ce: "Ya ake ciki? Kin dai kama bakinki ko?"

Sai ga Alhaji ya fito, tankin feshi rataye a kafaɗa, a hannunsa gorar ruwa ta roba ba tambari, cike da wani ruwa rawaya-rawaya. Fuskarsa fal farin ciki, irin na mai nuna wa baƙo abin da ya fi ji da shi.

"Salimatu, Zaid ya ce min wannan fanninki ne, Allah ya kawo mana gwana har gida. Na shagunan nan ba su da ƙarfi, duk masu kyan an hana sayarwa, sai dokoki kamar me. Wannan ƙanena Ja'afaru ke sako min cikin kaya daga gida. Ko yau da safe sai da na ƙara zagayawa saboda zuwanki." Ya ɗaga gorar a rana. "To ga walima tana tafe, yara za su zo su yi ta rarrafe a nan, ga mahaifiyarki, ga baƙi. Ina so ko sauro ɗaya kada ya kusanci kowa. Murfi nawa kike ganin zan ƙara?"

Yatsun Hajiya suka nutse a fatata. Zaid ya sauko daga bakin ƙofa, ya tsaya. Na hango jariran ƙawayena a kan koren nan suna cusa hannu a baki. Na hango Mama da mayafinta na Dubai ta yi sujada a nan tana gode wa Allah ya aurar da ni. Na hango Hajiya a wani Yunin, ko in ce na nemi in hango ta, ban gan ta ba.

Ba a faɗa wa babba magana a tsaye. Na zame na durƙusa sosai a gabansa, damshin ciyawar ya ratsa atamfata har gwiwa, alhali ba a yi ruwa ba.

"Abba, ka yafe min. Ko murfi ɗaya kada ka ƙara. Wannan ba a yi shi don inda mutum ke zama ba, shi ya sa aka hana shi. Ta fata yake shiga, ta numfashi yake shiga. Rawar hannun Ummi, da gumin, da hawayen, da yadda idonta ya tsuke, duk shi ne. Ba iska ba ce, Abba. A kai ta asibiti yau, a tafi da gorar a nuna musu, za su san abin da za su nema. In aka ci gaba a haka, ina tsoron ba za ta ga walimar ba."

Hajiya ta saki hannuna. A hankali ta sake shi, yatsa bayan yatsa, kuma sakin ya fi riƙon ciwo.

Alhaji bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Murmushin ya daɗe a fuskarsa bayan abin da ya kawo shi ya tafi. Ya dubi gorar, ya dubi shingen da tsuntsayen ke jere, sannan ya dubi matarsa.

"Ruƙayya. Gaskiya ne?"

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

"Kin sani," ya ce. Ba tambaya ba ce.

Ya sauke tankin a ƙasa, ya ajiye gorar nesa da ita. Ya tafi da kansa ya ɗauko takalmanta, ya durƙusa da farar shaddarsa a kan ciyawar, ya goge mata tafin ƙafa da gefen rigarsa, ya saka mata ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ta fama da maɗaurin, ya kasa ɗaurawa. Ya ɗago ta ya tallafe ta, suka nufi ƙofa. Da suka zo wucewa ta gabana, ba ta dube ni ba.

A bakin ƙofar ya tsaya daidai ɗansa. Muryarsa a ƙasa take, amma a lambun da ba ƙuda ba tsuntsu, komai ana ji.

"Kai ma ka sani."

"Ummi ta ce ba ta yafe ba in na faɗa, Abba."

Alhaji ya jinjina kai. Ya waiwayo ya dube ni, ina durƙushe inda ya bar ni da ɗankwalin da Mama ta ɗaura min, sannan ya mayar da ido kan Zaid.

"Don wannan ka nemo yarinyar mutane? Don ta zo ta faɗa min abin da aka hana ka?"

Na ɗaga kai. Duk abin da na yi asara a yinin nan, na ce a raina, in ya amsa daidai zan iya ɗauka.

"Eh, Abba," in ji Zaid.

Na tsaya ina jiran sauran maganar. Ina jiran ya ce amma, ya ce daga baya, ya ce ko da kalma ɗaya ce da za ta zama tawa. Ya lalubo makullin mota a aljihu, ya kama ɗaya hannun Umminsa, su ukun suka shige ciki. Ina nan a durƙushe na ji an tayar da mota a ƙofar gida.